Ƴan Wasan Ƙasar Magarya da Tambayar Alƙaluma

Duk ƙungiyar ƴan wasan kwaikwayo ko ta makaɗa da ta taɓa zuwa neman tallafi a jihar Damagaram ta san tambayoyi biyun da ake tarbar ta da su: mutum nawa saƙonku ya kai wa, kuma me ya sake bayan kun yi wasan? Ma'aikacin porje yana yin su, jami'in ƙaramar hukuma yana yin su, har attajirin gari in an je roƙon kuɗin hayar sifika sai ya yi su da nasa salon. Ban ga laifin mai tambaya ba. A ƙasar da likita ke jiran magani, lakol ke jiran benci, wanda zai zaro kuɗi ya ba masu ganga yana da haƙƙin ya ji abin da kuɗin za su haifar. Abin da ke damuna shi ne irin amsar da muka saba bayarwa, da kuma hannun da amsar take ƙarewa a ciki.

Sassumbrum ta isa misali. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magarya, a bakin iyaka da Najeriya, inda naira da sefa ke yawo a aljihu ɗaya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da dubu 570 a gundumar Magarya, da fiye da dubu 350 a Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011. Yanki ne mai cunkoson ƙauyuka, mai yawan yara da samari. Fasaha kuwa tana nan ko'ina: masu kalangu a wajen biki, makaɗan noma a wajen gayya, kiɗan kokowa bayan an kai amfanin gona gida, gaɗar ƴan mata a dandali, tashe a watan azumi, ƴan fada masu shirya gajeren wasan barkwanci su ɗauka da waya, ɗaliban da ke haɗa wasa a ƙarshen shekarar karatu. Yawancinsu ba su sayar da tikiti, ba su da ofis, ba su da takardar izinin ƙungiya irin wadda dokar 1984 ta tanada. Saboda haka idan aka buɗe takardun hukuma, sai a ga kamar babu su.

Wannan ba shi ne karo na farko da ake auna ƴan wasa a Nijar ba. Zamanin Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976. Ƙauye ya kara da ƙauye, gunduma ta kara da gunduma, zakaru su tafi babban taro. A wancan zamani ne wasan kwaikwayon Hausa ya yi tashe a Damagaram, su Yazi Dogo suka shiga kowane gida ta rediyo da talabijin, har wata mai bincike Ba'amurkiya, Janet Beik, ta fitar da littafi a kansa a 1987. Ma'aunin lokacin shi ne makin alƙalai da kofi. An san wanda ya ci. Abin da wasan ya yi wa ƙauyen da aka faro shi kuwa, ba shi ne abin da ake tambaya ba. Da gwamnati ta janye hannu, aka shiga zamanin porje-porje, sai ma'aunin ya koma yawan kawuna: mutum kaza suka halarci faɗakarwa, maza kaza, mata kaza.

Ƙidayar kawuna ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma mafi rauni. A ce ƙungiya ta kafa fage ranar kasuwa. Mai jan akuya ya tsaya minti biyu ya wuce, an ƙidaya shi. Yaran da suka bi motar sifika daga unguwa zuwa unguwa an ƙidaya su sau uku. Matan aure da wasan yake magana a kansu suna cikin gida, ba su ji komai ba. Mai rubuta rahoto ya dubi taro ya ƙiyasta, kuma ya san abin da ofis ke son gani. Gaskiya ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da albashinsa ya rataya ga yawan taro ba a barinsa ya yi awo shi kaɗai. Ko da adadin ya zama daidai, abin da yake faɗa kawai shi ne mutane sun zo.

A Amurka an fi jan hankalin hukuma da lissafin kuɗi. Wata ƙungiya mai kare muradin ƴan fasaha a can ta fitar da rahoto a 2023 cewa ƙungiyoyin fasaha marasa neman riba da masu kallonsu sun motsa dala biliyan 151.7 a shekarar 2022, idan aka haɗa albashi da abinci da masauki. Ba za a kwafo wannan tsari a dasa a Sassumbrum ba, amma tunanin yana da amfani, domin duk wanda ya taɓa zuwa filin kokowa ya san kasuwa ce ke tashi a gefensa. Mai tsire yana ciniki, mai ƙosai tana ciniki, ɗan kabu-kabu yana jigila har dare, tela ya ɗinka anko, mai janareto da mai kujeru sun karɓi haya, makaɗi ya tattara liƙi ya raba wa yaransa. Wannan abu ne da mutum biyu masu biro za su iya zagayawa su tambaya a yini guda. Sharaɗi ɗaya dai: a rubuta da wane kuɗi aka yi cinikin, da yadda canji yake a ranar. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, lissafin da bai bambance naira da sefa ba, zai nuna ƙungiya tana haɓaka alhali abin da take samu bai kai na bara ba.

Tambaya ta biyu, wato me ya sake, ita ce mai wuya, kuma a nan ya kamata mu tsaya mu dubi abin da masu kuɗi da ƙwararru suka samu da suka gwada da gaske. A Burkina Faso, daga 2012 zuwa farkon 2015, an yi gwaji da gidajen rediyo 14. Aka jefa ƙuri'a, bakwai suka riƙa watsa gajerun wasanni da shirye-shirye kan lafiyar yara cikin harsunan yankunansu, bakwai aka bar su yadda suke. Da sakamako ya fito a 2018, an ga cewa kai yara ƴan ƙasa da shekara biyar likita ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 a shekarar farko a yankunan da aka watsa shirin, ƙarin ya ragu a shekarun da suka biyo. Mutuwar yara kuwa ta sauka a ɓangarorin biyu, binciken bai iya nuna bambanci a tsakaninsu ba. A Ruwanda, Elizabeth Paluck ta bi rukunonin masu sauraro shekara guda, wasu suna jin wasan rediyo kan sulhu mai suna Musekeweya, wasu suna jin wani wasa kan lafiya. Ta samu cewa masu jin wasan sulhu sun fi sakin baki su faɗi saɓanin ra'ayi a taro, sun kuma sake fahimtarsu ta abin da jama'a ke ɗauka daidai ne, amma abin da kowa ya yi imani da shi a zuciyarsa bai motsa sosai ba.

Abu biyu nake ɗauka daga nan. Na farko, wasa yana aiki, kuma ana iya nuna hakan. Na biyu, aikin nasa yana da iyaka, kuma ba ya bayyana sai an kwatanta wuri da wuri ko lokaci da lokaci. Idan shekara uku na watsa shiri kullum ba su isa a ce an rage mutuwar yara ba, ƙungiyar da ta yi wasa huɗu a ƙauyuka huɗu ta rubuta cewa ta kawar da auren wuri tana zubar da mutuncinta ne da hannunta. Ranar da mai ba da kuɗi ya gane, ba ita kaɗai za ta rasa ba, har maƙwabtanta.

Ƙasar Magarya tana da tarkon da baƙon mai lissafi ba ya gani. Shekara a nan hawa da sauka take yi. Da damina ta nutsa, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, sai likitoci su cika da yara masu zazzaɓi da tamowa. Ƙungiyar likitocin MSF tana aiki a Magarya tun 2005, kuma a watan Satumba na 2018 ta sanar cewa a makonnin da suka gabata kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin. To a ce ƴan wasa sun zagaya a watan Yuni suna kira a kai yara likita da wuri, sai rajistar likita ta cika a Agusta. Ba za su ce aikinsu ne ba, domin ko ba su fito ba rajistar za ta cika. Haka nan bayan kaka samari suna watsewa cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya, saboda haka taron watan Fabrairu da na Oktoba ba mutane ɗaya ba ne. Mafita ita ce a gwada Agustan bana da Agustan bara, a kuma gwada ƙauyen da aka yi wasa da wani mai kama da shi, mai nisa iri ɗaya da likita, inda ba a je ba. Wannan ba ya bukatar kwamfuta. Yana bukatar yardar majo mai riƙe da rajista, da haƙurin jiran shekara.

An ma taɓa bin wannan hanya a nan gida. Makarantar mazaje, wadda asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara a 2008 a yankunan lafiya na Magarya da Matamai, ta sami karɓuwa har aka kai ta wasu jihohi da wasu ƙasashe, kuma abin da ya ba ta ƙarfin magana shi ne mazajen suna zama da ma'aikatan likita su dubi adadin awon ciki da haihuwa a hannun ungozoma, su ga inda aka ci gaba da inda aka tsaya. Ba su ƙirƙiro sabon lissafi ba. Wanda ake rubutawa kullum suka je suka karanta. Ƴan wasa ma suna da irin waɗannan littattafai a kusa da su: rajistar lakol ta nuna ƴan mata nawa suka koma aji bayan hutu, fadar sarki ta san ƙarar ɓarnar gona nawa aka kawo tsakanin manoma da makiyaya a kakar bana.

Akwai labarin da ya kamata kowane ɗan wasa a yankin nan ya sani, ko da yake na itatuwa ne. Tun daga shekarun 1980 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna sassabe da kula. Shekara da shekaru rahotanni na cewa hamada na cinye Nijar. Sai a tsakiyar shekarun 2000 masu bincike, cikinsu har da Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan, suka jera tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama kusa da sababbin hotunan tauraron ɗan adam, suka kuma taka gonaki suka ƙidaya. Aka tarar a waɗannan gundumomi uku kaɗai abin ya kai kimanin hekta miliyan ɗaya, a faɗin ƙasa kuwa kimanin miliyan biyar, da itatuwa wajen miliyan 200. Manoma sun daɗe da sanin abin da suka yi. Duniya ba ta yarda ba sai da aka samu hoton jiya aka ajiye kusa da na yau. Makaɗa da ƴan wasa ba wanda ke ɗaukar su hoto daga sama. In ba su ajiye shaidar yau da kansu ba, wanda zai zo bayan shekara ashirin ba zai sami abin kwatantawa ba.

Sai dai akwai haɗarin da ya fi ƙarya a lissafi girma a wurina. Idan abin da ake aunawa kawai shi ne saƙon lafiya ko na zaman lafiya da ya isa kunne, ɗan wasa ya zama sanƙira. Porje ta kawo jigo, ta kawo jimlolin da za a faɗa, a yi wasan yadda zai cika gurbin rahoto, dariya ta mutu, habaici ya mutu, jama'a su gane tun daga fitowar farko cewa wa'azin allura ne. Malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, su Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, da suka fita ƙauyukan Soba da Maska da Bomo tun daga ƙarshen shekarun 1970, sun yi ta fama da wannan tambaya: wasan na manoma ne, ko kuwa ana yi musu ne kawai? A Ingila ma, bayan François Matarasso ya fitar da rahotonsa na 1997 mai jera fa'idoji 50 na shiga harkar fasaha, Paola Merli ta soke shi a 2002 cewa hujjar ba ta kai girman da'awar ba. Muhawarar ba ta mutu ba har yau.

Don haka nake ganin rabin littafin ƙungiya ya kamata ya zama game da fasahar kanta. Yara nawa ke koyon kiɗa a hannun tsofaffi, kuma makaɗa nawa suka tsufa ba magaji? Wa ya rage mai iya ɗaure kalangu ko fafe gurmi? Sabon wasa nawa aka ƙirƙira bana ba tare da wani ya kawo jigo ba? Mata nawa ke fitowa fage, kuma nawa suka daina bayan aure? Akwai kuma ma'aunin da na fi amincewa da shi a kan duk sauran, wato gayyata ta biyu. Ƙauye nawa ne, bayan sun ga wasa sau ɗaya, suka aiko da kansu a dawo, suka haɗa kuɗin mai, suka dafa abinci, suka auna tiyar hatsi suka bayar? Talaka ba ya fitar da hatsinsa a kan abin da bai amfane shi ba. Wannan adadi yana da wuyar ƙarawa gishiri, domin maigari yana nan, ana iya tambayarsa.

Labarin baki ma shaida ne, muddin an tattara shi da tsari. Akwai hanyar da Rick Davies ya ɓullo da ita a Bangaladash a shekarun 1990: a tambayi mutane wane sauyi ne ya fi girma a ganinsu, a tara labaran, sannan jama'a su zauna su zaɓi wanda ya fi muhimmanci su faɗi dalili. Ga mutanen da hira ta zame musu jiki, wannan ya fi takardar tambayoyi ta eh ko a'a. Nijar ma ta san irinsa tun da daɗewa. Ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a 1962 suna tara mutanen gari su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai, maganar ta dawo cikin shiri na gaba. Yau wayar hannu ta sauƙaƙa ɗaukar murya. Amma a rubuta har da marar daɗi: ranar da malamai suka nuna rashin yarda, ranar da maigida ya hana matarsa fitowa, ranar da aka tashi wasa ba a gama ba. Kuma kada a ɗauki hoton mace ko yaro a tura WhatsApp ba da izini ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, ko babu doka ma mutuncin gidan mutane ya wuce ƙawata rahoto.

Saura batun hannun da zai riƙe lissafin. Yadda aka saba, takardun halarta da hotuna suna bin motar porje su tafi Damagaram, daga nan Yamai, daga nan Turai, cikin Faransanci. Porje ta ƙare bayan shekara uku, ƙungiyar da ta yi aikin ta wayi gari ba ta da ko shafi ɗaya da za ta nuna wa na gaba. Masu cewa mutanen ƙauye ba za su iya riƙe lissafi ba su dubi Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991. Matan da yawancinsu ba su yi boko ba sun riƙe zubi da rance da riba a ka, kowace tana shaidar ta kusa da ita, ana maimaita jimla a gaban kowa a duk zama, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ƙungiyar ƴan wasa tana iya yin haka: littafi ɗaya mai kauri, da boko ko da ajami, a karanta abin da aka rubuta da ƙarfi bayan kowane wasa kafin a watse, mutum biyu su shaida. Wanda ya ba da kuɗi a ba shi kwafi, asali ya zauna a gida. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, babu sauran dalilin da zai sa a ƙi karɓar rahoton da aka rubuta da ita.

Lokaci ma ya matsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi da dama sun janye ko sun rage, a 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. A Afrilun 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Waɗanda suka rage da za a je wa su ne kantoma mai ƙaramin kasafi, da sarakuna, da ƴan kasuwa, da ƴan gari mazauna Kano ko Yamai. Waɗannan ba su karanta rahoto mai shafi hamsin, kuma ba a yi musu ƙarya cikin sauƙi, domin sun san ƙauyukan da sunansu. Shafi ɗaya ya ishe su: mun yi wasa kaza, a wuri kaza, ƙauye kaza suka sake kiranmu da kuɗinsu, yara kaza ke koyo, ga abin da rajistar likita ta nuna, ga kuma inda ba mu ga sauyi ba.

Ƙungiya ɗaya ba ta isa ta yi kwatanci ita kaɗai ba. Idan na Sassumbrum da Yekuwa da Kwaya da Bande suka yarda a kan tambayoyi biyar ko shida iri ɗaya, suka haɗu sau ɗaya a shekara bayan kaka kafin samari su tafi cin rani, kowa ya zo da littafinsa, to an samu abin da za a kai gaban masu tsara shirin raya ƙaramar hukuma a nemi a saka layin al'adu a kasafi. Jami'ar Damagaram, mai ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi wanda shi kansa marubucin wasan kwaikwayo ne, tana da ɗaliban nazarin zamantakewa masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ɗalibi biyu a shekara sun isa su tace lissafin, su gwada ƙauye da ƙauye, bisa sharaɗin su koma su karanta sakamakon da Hausa a gaban waɗanda suka ba su littafin.